Lawali da Mutumin da Bai Ji Labari Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Malam Lawali, taubashina, malamin Hausa a wata sakandare a Kaura Namoda, mai rubuta wasannin kwaikwayo da ake sakawa a rediyo. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito a Zurmi, saboda haka tun muna yara ni da shi ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, kuma ba mu taɓa rabuwa ba. Yana kirana bawansa, ina kiransa nawa. Duk shekarun nan ban rubuta komai a kansa ba, don na san halinsa: da zai iya karantawa, jan biro zai ɗauka ya bi ni layi-layi. Abin da ya sa na karya shirun shi ne wani baƙo da ya tsaya a ƙofar gidansa a farkon daminar bana yana kwaɗa sallama, yana kiran sunansa kamar jiya suka rabu. Saura ƙiris a kori tsohon nan daga unguwa ko ruwa bai sha ba. Amma kafin in kai ku can, sai na gaya muku gardamar da Lawali ya tafi ya bar ni da ita.

Muna da majalisa a gindin wata bishiyar dogon yaro kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, daga la'asar zuwa kiran magariba. Wasu majalisun siyasa suke ci, wasu ƙwallo, mu kuwa mutanen da babu su muke ƙerawa. Lawali ne ya kawo wannan sana'a. Ya gaji, in ji shi, da ganin mutane 'yan ƙalilan suna yawo a duk labaran da ake rubutawa, riga kawai suke sauyawa: attajiri mai tumbi wanda bai san Allah ba, boka mai jan ƙyalle, da baƙauye wawa da ake kawowa don a yi masa dariya. Wannan na ƙarshen shi ya fi ƙona masa rai, don mu duka daga ƙauye muka zo, kuma a cikinmu bai ga wawan ba, in ban da ni, a cewarsa. Sai ya kafa doka. Duk wanda ke da sabon mutum da yake so marubuta su riƙa sakawa a labari, ya kawo shi majalisa, ya raɗa masa suna, ya faɗi halinsa. Amma ba za a karɓe shi ba sai mutum biyu sun shaida cewa sun taɓa ganin irinsa da idonsu, kamar dai ganin watan azumi. In an karɓa, Lawali zai sa shi a wasansa na gaba, mu kuma mu kasa kunne a rediyo mu ji ɗanmu yana magana.

Da haka aka karɓi Mai-gyara, mutumin da ba ya barin ka gama labari sai ya tsoma baki: ai ba ranar kasuwar Shinkafi ba ce, washegari ne, ai ba jaki ba ne, jaka ce. Wannan ko gama bayaninsa ba a yi ba majalisa duka ta juyo ta dube ni. Aka karɓi Muryar-bayan-katanga, matar da ba a taɓa ganin fuskarta, amma daga cikin gida take jefo kalma guda ta rushe shawarar da maza suka yini suna ginawa a zaure. Shaidu sun yi mata yawa, kowa yana shaida yana waiwaye. Alhaji Mamman mai sayar da taki ya nemi a wajabta ruwan sama a kowane labari, aka ce masa ya daina haɗa kasuwarsa da adabi.

Akwai kuma Julde, makiyayi daga wajen Katuru, wanda kan kawo dabbobi kasuwa ya biyo ta wurinmu kafin ya koma. Abotarsa da Lawali tun kafin ɗayansu ya yi aure ce. Bai yi boko ba, amma babu wasan Lawali da ya wuce shi, kullum 'yar rediyonsa na rataye a kafaɗa. Ƙorafinsa guda ne, wai marubuta ba su da amana da dabba. Yakan ce, "Kun kawo jaki, mutum ya hau ya tahi gidan surukai, daga nan kun mance da shi. Wa ya ɗaure shi? Wa ya ba shi ruwa?" Mu dariya muka yi, Lawali kuwa ya ɗauki maganar da gaske. Tun daga ranar duk dabbar da ta shiga wasansa sai an ji inda ta kwana.

Mutum ɗaya ne Lawali ya kawo da bakinsa aka ƙi karɓa, kuma ni na tare ƙofa. Ya raɗa masa suna Baijiba. Ga yadda yake: an yi rigima a gari, gida biyu sun daina gaisawa, kowa ya zaɓi ɓangare. Sai ga wani ya dawo daga gona mai nisa ko daga fatauci, bai ji komai ba. Ya shiga wannan gida ya gaisa ya yi wasa da yara, ya fito ya shiga wancan ya nemi ruwan sha, har ya tambayi wannan lafiyar wancan. Lawali ya ce kowane labarin rigima yana buƙatarsa, domin shi kaɗai ke ɗauke da garin yadda yake kafin ya lalace. In ya yi sallama da tsohuwar murya, masu gaba sukan ji kunyar kansu ko da na ɗan lokaci ne, mai sauraro kuma ya tuna abin da aka yi asara.

Ni na ce ƙarya ne. Na ce a ƙasar nan labari ya fi mai shi sauri; kafin matafiyi ya sauke kayansa a tasha mai shayi ya gaya masa, ɗan acaɓa ya ƙara gishiri. Na ce in ma akwai irinsa, to wawan nan ne da muka kora ya sauya hula ya dawo. Lawali ya ce, "Kai bawana, wawa shi ne wanda ya ji bai gane ba. Wanga bai ji ba ne. Laihin kai daban, laihin hanya daban." Alhaji Mamman ya tsaya masa, ya ce ya taɓa ganin irinsa a Kasuwar Daji. Shaida ta biyu ce ta gagara, don duk wanda ya buɗe baki sai na tsare shi da tambaya har ya ce bai tabbata ba. Taubashi ba ya ba taubashi nasara a arha. Muka yi shekaru a kai. Ciwon da ya ɗauke Lawali bai yi tsawo ba. Zuwana na ƙarshe duba shi, da ƙyar yake magana, amma sai da ya tambaye ni ko na shiryu. Na ce masa a'a, ya yi murmushi.

Julde bai ga wannan ba. Tun kafin ciwo ya kwantar da Lawali daji ya fara ɓaci, aka kore masa shanu, ya tattara iyalinsa da abin da ya rage ya yi arewa, ya tsallaka iyaka. Daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Abin da ya biyo baya ba sai na gaya wa mutumin Zamfara ba. Hanyar Shinkafi da ta Zurmi da muke bi kamar tsakar gida, yanzu sai an tambaya kafin a hau. Gonaki sun koma saura, babu mai nomawa. Mutanen da suka gaji musayar nono da gero tun kakanni suka koma duban juna ta wutsiyar ido. Majalisarmu ma ta watse ba tare da wani ya ce a watse ba.

Sau da yawa nakan tambayi kaina, da Lawali zai leƙo yau, me zai ce? Ban yi zaton zai zauna kuka ba, ba halinsa ba ne. Tambaya zai fara, kuma na san inda zai fara zuwa: wurin autarsa Asma'u. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yarinyar nan labarai take rubutawa a waya, kashi-kashi, mata da 'yan mata suna bi suna gardama a ƙarƙashin kowane kashi. Majalisar ubanta ce ta koma cikin aljihu, sai dai su ba sa neman shaidu biyu, wadda ta fi surutu ita ke da gaskiya. Takan zo ta karanta mini irin mutanen da suke ƙerawa yanzu. Akwai wanda aka sako daga daji ya dawo gida, amma ba ya iya zama a ɗaki in an rufe ƙofa. Akwai Mai-turawa, wadda ke watsa labarin mutuwa kafin a gaya wa uwar mamaci. Akwai kuma maƙwabcin da ba a sani ba ko namu ne ko kunnen wasu ne. Wallahi da Lawali na nan da ya sayi babbar waya ya shiga cikinsu da sunan aro ya hana su sakat. Abin da ban sani ba, kuma nake so in sani, shi ne ko zai yarda da na ƙarshen nan. Shi da ya ƙi a mai da baƙauye abin dariya, zai yarda a mai da maƙwabci abin tsoro? Ko kuwa zai yi ajiyar zuciya ya ce shaidu sun cika, dole a karɓa?

Asma'u ta taɓa gwada Baijiba a wani labarinta, don tunawa da ubanta. Masu karatu suka yi mata ca. Wata ta tambaya a wane rami yake zaune da babu waya. Ta zo ta same ni ranta a ɓace, ta ce, "Baba Garba, ashe kai ke da gaskiya." Ta cire shi daga labarin. Na daɗe ina jiran wani daga gidan Lawali ya faɗi wannan kalma, da aka faɗe ta kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan.

To, ranar da nake gaya muku, da hantsi ne, an yi ruwa da asuba, ina zaune a ƙofar gidana da ke fuskantar nasa. Sai na ji murya: "Salamu alaikum! Lawali! Malam Lawali, hito ka ga tsohonka!" Tun da aka binne shi babu wanda ya kira sunan nan haka, da ƙarfi, ba tare da ya haɗa da marigayi ba. Na ɗaga kai, sai ga Julde. Ya rame, gemu ya yi fari fat, malfa a kan rawani, sanda a hannu, 'yar jaka a kafaɗa, yana tsaye yana jiran a amsa.

Kafin in lalubo takalmina samarin unguwa masu sintiri sun kewaye shi. Ba su san shi ba, lokacin da yake zuwa suna 'yan firamare. Abin da suka gani shi ne baƙon makiyayi a tsakiyar unguwa yana kiran sunan mamaci. Daga ina? Wa ya aiko ka? Me ke cikin jakar? Ya buɗe musu, man shanu ne a kwalba, tsarabar abokinsa. Nasiru, babban ɗan Lawali, ya fito ya tsaya a bakin zaure. Shi ya san Julde sarai, a kafaɗarsa ya yi wasa yana yaro. Amma Nasiru ya jera damuna bai taka gonarsa ta Banga ba, kuma ƙanin matarsa da aka tare a hanyar Shinkafi har yau babu labarinsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Ya dubi tsohon nan, bai ce shigo ba, bai ce tafi ba. Kowa a wurin ya san cewa shirun mai gida a irin wannan lokaci izini ne ga samari.

Na ratsa su raina a ɓace. Na ce wannan mutum ya riga iyayenku sanin unguwar nan, duk mai tambaya ya zo gare ni. Julde ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Garba, bawan Lawali! Ina ubangidanka?" Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Na gaya masa a tsaye, a kan titi, don ba a ba mu wurin zama ba. Bai yi kuka ba. Ya ja bakin rawani ya rufe baki, ya yi inna lillahi, ya durƙusa a inda yake, cikin laka. Asma'u ce ta fito da tabarma, ta wuce ta gaban yayanta ko dubansa ba ta yi ba, ta shimfiɗa a gindin katanga, ta koma ta kawo ruwa. Ya yi wa abokinsa doguwar addu'a. Ya miƙa mata kwalbar ya ce ta kai wa uwarta. Sannan ya miƙe ya ce zai koma, kada azahar ta same shi a gari. Ya ga idanun da ke kansa, ai ba yaro ba ne.

Na ce zan raka shi tasha, kuma da gangan na ɗauki hanyar da ta ratsa kasuwa, don kowa ya gan ni tare da shi. A hanya ya gaya mini nasa rashin: babban ɗansa ya rasu a hannun waɗanda suka kore masa shanu, jikoki aka bar masa. Ni kuma, don in ɗan sassauta masa, na ce, "Julde, yau ka kayar da ni. Kai ne Baijiba da ƙafarka. Ga ni na zama shaida ta biyu, sai dai mai ƙarar ba ya nan."

Ya tsaya cak. Ya ce, "Garba, na ji."

Na ce, "Ka ji me?"

Ya ce, "Na ji tun shekarar da abin ya hwaru. Wani ɗan Kaura ya hwaɗa mini a kasuwar dabbobi, can ƙetare, yana tsakiyar cinikin rago. Na ce ban karɓa ba. Mutum kamar Lawali ba ya mutuwa a bakin ɗan kasuwa. Na ce sai na zo ƙohwar gidansa na kira, in bai amsa ba, sannan. Hanya ta ƙi, shekara ta bi shekara. Duk shekarun ga ina da aboki a Kaura, in na ji abin dariya ina aje mishi. Ku kun daɗe da rashinsa. Ni yau ya rasu."

To wa ya ci gardamar? Na ce babu wanda labari ba ya kai masa, ga shi kuwa ya kai har ƙetaren iyaka. Lawali ya ce akwai mai zuwa da tsohuwar murya, ga shi kuwa ya zo, na ji ta da kunnena. Abin da mu biyun ba mu hango ba shi ne, mutum zai iya ji ya ƙi karɓa, ya riƙe gari yadda ya bar shi da ƙarfin tsiya, ba don kunnensa bai ji ba. Da Lawali na nan da ya tsayar da mu a tsakiyar kasuwar nan ya fara laluben sunan da zai raɗa masa. Asma'u ta ce za ta sa shi a labarinta na gaba. Ko masu karatunta za su karɓe shi, Allah masani. Ni dai na ce ta gaya musu akwai dattijo guda da ya gani da ido.

Amma wannan daga baya ne. A lokacin abu ɗaya ya faɗo mini. Na ce wa Julde, in yau abokinka ya rasu, to mai makoki ba ya hawa mota. Na karɓi jakarsa na juya. Ya ce, "Garba, kada in jawo maka." Na ce ƙofar gidana tawa ce, wanda ya ga ba zai iya ba ya sauya hanya. Muka dawo ta inda muka bi. Na sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofata, na aika wa Alhaji Mamman da liman cewa an yi wa Julde rasuwa, yana zaune yana karɓar gaisuwa. Na kira Asma'u na gaya mata abin da ya faɗa mini a kasuwa, kalma-kalma, na ce ta kai cikin gida. Alhaji Mamman ya zo yana dogara sanda. Liman ya zo, dattawan unguwa suka biyo shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, wasu sun wuce ba su ko juyo ba, samarin kuma suna nesa suna kallo. Zauren Lawali da ke fuskantarmu ya yini a rufe.

Ina zaune a wurin ina tunanin me ya rage na taubashina. Wasanninsa an daina sakawa, ban ma san ko akwai wanda ya adana su ba. Ɗalibansa sun watsu. Abin da na ga ya rage shi ne ɗabi'ar nan da ya koya mana a cikin wasa, ta tsayawa a dubi mutum a tambaya, wane iri ne wannan, mun taɓa ganinsa? Samarin da suka kewaye Julde ba mugaye ba ne, mutum guda suka sani a cikin malfa da sanda, wato ɓarawon daji, shi suka gani. Lawali ya ƙare rayuwarsa yana cewa mutane sun fi 'yan ƙalilan ɗin da muke maimaitawa yawa, a labari da a titi. A da na ɗauka maganar adabi ce kawai. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa ya huta.

Bayan la'asar ƙofar zauren ta buɗe. Nasiru ya fito shi kaɗai, ya tsallako titi, ni kaina ban san da wadda ya zo ba. Ya tuɓe takalmi a bakin tabarma, ya durƙusa a gaban tsohon, ya daɗe kansa a sunkuye. Sannan ya ce, "Baffa, ya haƙuri? Allah ya jiƙan abokinka."

Sai a nan Julde ya saki bakin rawanin, ya yi kuka.